Yadda ƙwayoyin gado ke taimaka wa amfanin gona jure gishiri da ƙarancin fotasiyam

A duk inda ake noman rani a ƙasa mai zafi, akwai wata alama da manoma ba sa son gani, wato wani fari-farin gari da kan fito a kan kunya bayan ruwa ya tsotse.

Wannan gari gishiri ne. Idan ya yi yawa sai shuka ta tsumbure, bakin ganyenta ya ƙone, amfani ya riƙa raguwa shekara bayan shekara, har ta kai ga an yi watsi da gonar.

Wani rahoto da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a watan Disamba na 2024 ya ƙiyasta cewa gishiri ya shafi kusan hekta biliyan 1.4, wato sama da kashi 10 cikin 100 na faɗin doron ƙasa. Ƙasashe goma ne ke da kashi 70 cikin 100 na wannan fili, ciki har da Ostireliya da China da Amurka da Iran da Sudan.

Tun daga farkon shekarun 1990 masana kimiyya ke ta zaƙulo ƙwayoyin gadon da ke sa wata shuka ta jure gishiri yayin da 'yar uwarta ke mutuwa. Babban abin da binciken ya nuna shi ne, matsalar gishiri da ta ƙarancin sinadarin fotasiyam Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin ƙofofin da ke shigar da abinci cikin saiwa su ne kan yi kuskuren shigar da guba.

Daga ina gishirin yake fitowa?

Babu ruwan rafi ko na rijiya da ba ya ɗauke da ɗan gishiri a narke. Idan aka shayar da gona, rana da shuka sukan kwashe ruwan su bar gishirin a baya.

A inda damina ke da ƙarfi, ruwan sama kan wanke shi zuwa can ƙarƙashin ƙasa. Amma a inda ruwan sama ya yi ƙaranci, ko kuma babu magudanan da za su fitar da rarar ruwa daga gona, sai gishirin ya riƙa taruwa daidai inda saiwoyi suke.

A yankunan bakin teku kuwa, kamar kudancin Bangaladesh da mashigar kogin Mekong a Vietnam da mashigar kogin Senegal, ruwan tekun ne da kansa ke kutsawa cikin gonaki.

Matsalar daɗaɗɗiya ce. A shekarar 1958, wasu masana biyu, Thorkild Jacobsen da Robert Adams, sun yi nuni da cewa tsoffin rubuce-rubucen kudancin Iraƙi sun nuna yadda manoma suka riƙa barin alkama suna komawa ga sha'ir kimanin shekaru dubu huɗu da suka wuce, abin da suka danganta da taruwar gishiri. Wasu masana tarihi sun ƙalubalanci wannan fassara, amma babu saɓani a kan cewa sha'ir ya fi alkama juriya.

Masana kan auna gishirin gona ne ta hanyar gwada yadda ruwan da aka tatso daga ƙasarta ke ɗaukar lantarki. Idan ma'aunin ya kai maki 4, to ana lissafa gonar a matsayin mai gishiri. Albasa kan fara asarar amfani daga maki 1.2, masara daga 1.7, tumatir daga 2.5, shinkafa daga 3, alkama daga 6, dawa daga 6.8, shi kuwa sha'ir sai an kai maki 8.

Ƙishirwa da guba

Gishiri kan cutar da shuka ne ta fuska biyu, kamar yadda wata masaniya 'yar Ostireliya, Rana Munns, ta daɗe tana bayani.

Illa ta farko kan zo nan take. Ruwa mai gishiri yana da wuyar zuƙa ga saiwa, saboda haka shuka kan ji ƙishirwa ko da tana tsaye a cikin laima. Sai ta rufe ƙananan hudojin ganyenta, sabbin ganye kuma su rage saurin fitowa.

Illa ta biyu kan ɗauki kwanaki ko makonni. Sinadarin sodiyam, wanda shi ne rabin gishirin girki, yakan bi ruwa ya hau har cikin ganye, ya yi ta taruwa a tsofaffin ganyaye har su mutu. Idan ganyen da ke mutuwa ya fi wanda ke fitowa yawa, shukar ba za ta iya ciyar da zangarniyarta ba.

Kama da wane ba wane ba ne

Jikin shuka ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, kowacce tamkar ɗaki ce da wani siririn tantani ya kewaye. A jikin tantanin akwai ƙofofi na sinadarin furotin, kuma ƙwayoyin gado ne ke ɗauke da umarnin yadda za a ƙera kowace ƙofa, da lokacin da za a ƙera ta.

Ɗaya daga cikin muhimman abubuwan da ke bi ta waɗannan ƙofofi shi ne fotasiyam, wanda harafin K ke wakilta a jikin buhun takin zamani na NPK.

Fiye da sinadarai 50 da ke gudanar da ayyukan cikin ƙwayar halitta ba sa aiki sai da shi. Shi ne ke buɗewa da rufe hudojin ganye, yana taimakawa wajen kai zaƙi daga ganye zuwa ƙwaya ko saiwa, yana kuma ƙarfafa kara. Shukar da ta rasa shi kan yi ruwan ɗorawa a bakin tsofaffin ganyenta, kuma iska kan kwantar da ita cikin sauƙi.

Sai dai sodiyam da fotasiyam 'yan gida ɗaya ne a jadawalin sinadarai, kuma suna da kamanni ƙwarai. Saboda haka idan sodiyam ya yi yawa a ƙasa, yakan yi gogayya da fotasiyam a bakin ƙofa, ya kuma zauna a gurbinsa a cikin ƙwayar halitta, alhali ba zai iya yin aikinsa ba.

Bugu da ƙari, kwararar sodiyam cikin saiwa kan rikita ɗan ƙarfin lantarkin da ke jikin tantani, abin da kan sa wasu ƙofofi su buɗe, fotasiyam ɗin da ke ciki ya zurare waje. Gwaje-gwajen da aka yi a kan sha'ir a Jami'ar Tasmania sun nuna cewa nau'o'in da suka fi iya riƙe fotasiyam a saiwarsu su ne suka fi jure gishiri.

Ta haka ne shukar da ke gona mai gishiri kan yi fama da yunwar fotasiyam ko da kuwa akwai shi a cikin ƙasa. Wannan ne ya sa masana ba sa duba yawan sodiyam kaɗai, sai su gwada shi da yawan fotasiyam a cikin ganye.

Ƙofofin saiwa

A shekarar 1963, Emanuel Epstein na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis da abokan aikinsa suka gano cewa saiwar sha'ir na da hanyoyi biyu na zuƙar fotasiyam: ɗaya tana aiki ne idan akwai wadata, ɗayar kuwa tana iya tsinto shi ko da ɗan kaɗan ne ya rage a ƙasa.

An shafe kusan shekaru 30 kafin a gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera waɗannan hanyoyi. Yawancin aikin an yi shi ne a kan wani ɗan ƙaramin haki mai suna Arabidopsis, wanda ba a ci, amma yana da saurin girma, kuma shi ne tsiro na farko da aka kammala karanta dukkan bayanan gadonsa a shekarar 2000.

A 1992 masu bincike a Faransa suka ware ƙwayar gado ta AKT1, wadda ke ƙera wata babbar ƙofar shigar fotasiyam. Daga bisani aka tabbatar da aikin wata mai suna HAK5, wadda kan kasance kusan a kwance, sai fotasiyam ya yi ƙaranci sannan ta farka ta shiga aiki gadan-gadan.

A 2006, ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Jami'ar Aikin Gona ta China da ke Beijing, ɗaya kuma a Berkeley ta Amurka, suka gano makunnin da ke buɗe ƙofar AKT1. Idan saiwa ta ji ƙarancin fotasiyam, sinadarin kalsiyam kan ƙaru a cikin ƙwayar halitta, wasu furotin masu lura da kalsiyam su kama shi, sannan su tayar da wani mai suna CIPK23, wanda shi ke buɗe ƙofar.

Wani abin lura kuma shi ne, idan yunwar fotasiyam ta tsananta, shinkafa kan buɗe wata ƙofa mai suna OsHKT2;1 ta shigar da ɗan sodiyam da gangan, domin ya riƙe mata ruwa a madadin fotasiyam. Da zarar gishiri ya ƙaru a ƙasa sai ta gaggauta rufe ta.

Korar sodiyam waje

Hujja mafi ƙarfi a kan dangantakar matsalolin biyu ta fito ne daga ɗakin binciken Jian-Kang Zhu, wani masani haifaffen China, wanda ya yi wannan aiki a Amurka.

Shi da ɗalibansa sun tace ɗimbin 'ya'yan Arabidopsis da aka jirkita wa ƙwayoyin gado, suna neman waɗanda ɗan gishiri kaɗan ke hana saiwarsu girma. A 1996 suka ba da rahoton na farko, wanda suka raɗa wa suna SOS1, daga wata jimla da ke nufin tsananin rauni a gaban gishiri. Sun kuma lura cewa wannan tsiro ba ya iya girma idan fotasiyam ya yi ƙaranci, ko da babu gishiri.

Tsakanin 1998 da 2000 aka ware ƙwayoyin gado uku da ke aiki tare tamkar 'yan gudun ba-da-sanda. SOS3 ce ke jin ƙaruwar kalsiyam da shigowar gishiri ke haddasawa. Ita ce ke tayar da SOS2, wadda ita kuma ke kunna SOS1, wani famfo da ke jikin tantani yana tunkuɗa sodiyam zuwa waje.

Ke nan yunwar fotasiyam da barazanar gishiri duka da harshe ɗaya ake sanar da su a cikin shuka, wato harshen kalsiyam, kuma masu karɓar saƙon dangin juna ne. An samu irin wannan tsari na SOS a shinkafa da alkama da tumatir.

Ɓoye shi a rumbu

Dabara ta biyu ita ce killace sodiyam ɗin da ya riga ya shiga. A tsakiyar ƙwayar halittar shuka akwai wata babbar jakar ruwa mai kama da rumbu, kuma abin da aka zuba a cikinta ba ya taɓa sinadaran da ke aiki a waje.

A 1999, Eduardo Blumwald da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta Kanada suka ƙara wa ƙwayar gado ta NHX1 ƙarfi a jikin Arabidopsis. A 2001 suka ba da rahoton tumatirin da ya yi fure ya yi 'ya'ya a cikin ruwa mai kimanin kashi ɗaya cikin uku na gishirin teku. Gishirin ya taru a ganye, amma kaɗan ne ya shiga 'ya'yan.

Labarin ya ja hankalin duniya a lokacin, sai dai wannan tumatir bai zama abin nomawa a gonakin manoma ba. Binciken da ya biyo baya a 2011 da 2012 ya kuma nuna cewa babban aikin NHX1 na yau da kullum shi ne tara fotasiyam a cikin wannan rumbu, abin da ya sake dawo da hankalin masana kan fotasiyam.

Tace ruwa kafin ya kai ganye

Dabarar da ta fi yin tasiri a gona ita ce ta uku. Ruwan da saiwa ta zuƙa kan bi ta wasu jijiyoyi ya hau zuwa ganye, kuma a kewayen jijiyoyin akwai ƙwayoyin halitta da ke tsame sodiyam daga cikin ruwan su riƙe shi a saiwa da gindin kara, su bar fotasiyam ya wuce.

Dangin ƙwayoyin gado da ake kira HKT ne ke wannan aiki. Daniel Schachtman da Julian Schroeder na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ne suka ware ta farko daga alkama a 1994.

A 2005, masu bincike a birnin Shanghai ƙarƙashin jagorancin Hong-Xuan Lin suka haɗa wata tsohuwar shinkafar Indiya mai jure gishiri, Nona Bokra, da Koshihikari ta Japan wadda ba ta jurewa. Suka bi sawun bambancin har zuwa ƙwayar gado guda, SKC1, 'yar dangin HKT. Dukkan nau'o'in biyu na da ita, amma ta Nona Bokra ta fi ƙarfin aiki.

A Ostireliya kuwa, ƙungiyar Rana Munns ta samo makamanciyarta, mai suna Nax2, a jikin wata daɗaɗɗiyar alkama da aka kusa daina nomawa. Suka shigar da ita cikin alkamar da ake yin taliya da ita, wadda aka sani da rauni a gaban gishiri, ta hanyar barbara irin ta gargajiya. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna ƙarin amfani da ya kai kashi 25 cikin 100 a gona mai gishiri, ba tare da wata asara a gona mai lafiya ba.

Gadon manoman da

A gaɓar tekun jihar Kerala ta Indiya, manoma sun daɗe suna noma wata doguwar shinkafa mai suna Pokkali. Sukan shuka ta da damina, lokacin da ruwan sama ya rage gishirin fadama, bayan girbi kuma su bar ruwan teku ya shigo su yi kiwon jatan lande. Ba ta da yawan amfani, amma tana rayuwa inda sauran ke mutuwa.

A shekarun 1990 masana a Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin suka haɗa ta da wani nau'i mai suna IR29, suka gano wani yanki na gadonta da suka kira Saltol. A wannan yanki ne ƙwayar gado ta SKC1 take.

Sanin wannan gurbi ya sauƙaƙa aikin masu samar da iri. Maimakon su jira shuka ta girma kafin su ga ko ta gaji juriyar, sai su gwada ɗan guntun ganyenta tun tana ƙarama. Ta haka aka shigar da Saltol cikin nau'o'in da manoma suka saba da su, kamar IR64 da BR11 da kuma Pusa Basmati 1121.

Bangaladesh ta fitar wa manomanta nau'o'i masu jure gishiri, irin su BRRI dhan47 a 2007 da Binadhan-10 a 2012. A Afirka ta Yamma, cibiyar AfricaRice ta yi irin wannan aiki a tasharta da ke kusa da Saint-Louis a Senegal, domin gonakin kwarin kogin Senegal.

A wasu lokuta kuma, kashe wata ƙwayar gado ne ke kawo juriya. Bayan ambaliyar tsunami ta watan Maris na 2011 ta malale sama da hekta 20,000 na gonakin shinkafa a Japan, masu bincike a lardin Iwate sun gano cewa lalacewar wata ƙwayar gado mai suna OsRR22 na ƙara juriya, kuma cikin shekaru biyu suka samar da wani nau'i mai suna Kaijin.

Ƙasa mai kanwa

Akwai wani nau'in lalacewar ƙasa da ya fi gishirin girki muni, wato ƙasa mai kanwa, wadda kan cushe ta hana ruwa nutsewa. Ana samun irinta a kewayen Tafkin Chadi, kuma an yi fama da ita a wasu sassan gonakin shinkafa na Office du Niger a Mali.

A nan akwai buƙatar gyara wani ruɗani. Ko da yake a Turancin Najeriya ana kiran kanwa da sunan da ake kiran takin fotasiyam, a haƙiƙa yawancin abin da ke cikinta sinadarin sodiyam ne. Toka ce ke ɗauke da fotasiyam mai yawa.

A watan Maris na 2023, masu bincike a China ƙarƙashin jagorancin Qi Xie suka wallafa a mujallar Science cewa sun gano wata ƙwayar gado mai suna AT1 a jikin dawa, hatsin da asalinsa daga Afirka yake. Sun nuna cewa idan aka kashe ta, ƙwayar halitta kan fi iya fitar da wata guba da kan taru a cikinta a lokacin wahala. A gwajin da aka yi a ƙasa mai kanwa a yankin Ningxia, amfanin dawar ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100.

Iyakar abin da iri zai iya yi

Duk da waɗannan nasarori, nau'o'in da suka isa hannun manoma ba su kai yawan ƙwayoyin gadon da aka gano ba, kuma akwai dalilai.

Na farko, juriyar gishiri ba aikin ƙwayar gado ɗaya ba ce. Saltol, alal misali, yana kare shinkafa ne tun tana ƙarama, amma ba ya wadatarwa a lokacin fitar da kai, wanda shi ma lokaci ne mai haɗari.

Na biyu, gishirin gona ba bai ɗaya yake ba. Yakan bambanta daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma sau da yawa yakan zo tare da zafi da fari ko kwanciyar ruwa, abubuwan da ɗakin gwaji ba ya iya kwaikwayo sosai.

Na uku, korar sodiyam na cin ƙarfin da shuka za ta yi amfani da shi wajen yin ƙwaya.

Ta fuskar fotasiyam ma, irin da ya ƙware wajen tsinto shi ba ya ƙirƙiro wanda babu. Yawancin fotasiyam ɗin da hatsi ya zuƙa yana cikin kara da ganye ne, saboda haka gonar da ake kwashe karanta ƙaf duk shekara ba tare da mayar mata da taki ko toka ba, a hankali takan talauce. Kimanin kashi biyu cikin uku na takin fotasiyam da duniya ke samarwa daga Kanada da Rasha da Belarus yake fitowa, kuma tsadar da ya yi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine ta nuna yadda manoman ƙasashe masu tasowa suka dogara da ƙasashe ƙalilan.

Don haka ne masana aikin gona ke jaddada cewa ingantaccen iri abokin tafiya ne ga gyaran ƙasa. Sai an haƙa magudanai, an wanke gishiri da isasshen ruwa mai kyau, an zuba sinadarin jifsam a ƙasa mai kanwa, an kuma mayar da takin gargajiya, sannan irin zai nuna cikakken amfaninsa.

A halin yanzu masu bincike na ƙoƙarin haɗa dabaru da dama a cikin iri guda, tare da amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR. Suna kuma ci gaba da bincika rumbunan adana iri, kamar na IRRI mai ɗauke da nau'o'in shinkafa sama da 130,000, domin akasarin ƙwayoyin gadon da suka yi amfani a gona kawo yanzu an samo su ne daga tsoffin irin da manoma suka adana, da kuma dangoginsu na daji.